Wa Zai Fara Cewa "Ban Sani Ba"?

Shekara huɗu ke nan da muka rufe Mushe Rabe a maƙabartar Madarumfa. Duk shekara in wannan wata ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. Ina tsoron in faɗi abin da ba haka yake ba, ga shi ba ya nan balle ya gyara mini. Bana dai na kasa ajiyewa. A watan jiya na yi wani abu da na koya a wurinsa, a gaban ɗalibai, kuma har yanzu ban san ko zai ci mini kujerar shugaban sashe da ake cewa za a ba ni ba, kamar yadda wataƙila ya ci masa tasa. Na ce wataƙila. Mai karatu ya yi haƙuri da ni, wannan kalma za ta yi ta dawowa.

Rabe taubashina ne, ɗan kawuna, wato ɗan yayan innata. Ya girme ni da fiye da shekara goma. Da yake ni ɗan mace ne, tun ina rarrafe "bawana" yake ce mini, bai kuma canza ba har ranar da na ga ƙarshensa. Ni kuwa Mushe nake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, domin shi ya fara koya mini karatun boko a lakkwal, wato makarantar firamare ta Madarumfa, farkon samun ƴancin kai, cikin ajin da aka yi da zana aka rufe da kara. A zamanin, yaro ba ya tambayar malami. In ka tambaya, ko dai a ce ka cika surutu, ko a ce ka miƙo hannu. Wata rana wani yaro da ke zaune kusa da ni ya yi ƙarfin hali ya ce, me ya sa gawo ke zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke toho? Muka sunkuyar da kai muna jiran tsawa. Rabe ya leƙa ta ƙofar zana, ya dubi gawon da ke bakin fili, ya ce, "Ban sani ba. Akwai wanda ya sani?"

Da na koma gida na ba babana labari, sai ya ce, "To a kan mi gwamnati ke biyansa?"

Daga baya ya tafi waje ya karanta ilimin ƙasar noma. Ni ma na bi sawunsa a hankali, na karanta cututtukan shuka, na dawo da digirin lisansi da tsoro mai yawa. Lokacin jami'armu ta Yamai sabuwa ce, fenti bai gama bushewa ba. Rabe na cikin ƴan ƙasa na farko da suka fara koyarwa a sashen noma. Ni aka ɗauke ni ƙaramin malami, na gwaji: in shekara ta zagayo a duba, ko a tabbatar da ni ko a sallame ni. Shugaban sashen Bafaranshe ne, kuma zai saurari abin da manyan malamai biyu za su ce a kaina. Na farko Rabe, amma kowa ya san ɗan'uwana ne, maganarsa ba za ta yi nauyi ba. Na biyu Mushe Hamani, Bazabarme, masanin ruwa, dogo, mai tsabtar riga, wanda ban taɓa jin an kama shi da kuskure ba. Ke nan aikina a bakin Hamani yake.

Ga yadda nake koyarwa a lokacin. Nakan shirya darasi har ya fi ƙarfin awar da aka ba ni, in shiga aji in yi ta magana ba tsayawa, ina cika allo ina gogewa, har lokaci ya ƙare. Ɗalibai na tsammanin ƙwazo ne. Ƙwazon na nan, ba na musu, amma babban dalilin shi ne kada a samu sararin da wani zai ɗaga hannu.

Rabe yana da wata al'ada. Da azahar matarsa Tasalla takan aiko da akushi, wata rana tuwo, wata rana shinkafa da wake, mu uku, ni da shi da Hamani, mu zauna a bironsa, wato ofishinsa, mu ci. Kamar yadda aka saba a kowane gida, babba ke fara sa hannu. Amma shi ya ƙara wani abu a kai. Kafin ya kai loma ta biyu sai ya ce, "Yau wani yaro ya ƙure ni." Ya faɗi tambayar da aka yi masa ya kasa, yana dariya kamar an ba shi kyauta. Sannan ya dubi Hamani. Hamani yakan ce shi ba wanda ya ƙure shi. Sai ya dube ni.

"Bawana fa?"

"Ba a yi mini tambaya ba, Mushe."

"Ina za a yi maka? Kai da ba ka barin su haɗiye yawu."

Nakan yi murmushi in ci gaba da ci. Ban gane abin da yake ginawa ba sai a shekarar fari.

Kowane rani sashenmu kan kwashi ɗalibai a babbar mota, kamyo, zuwa Madarumfa, su yi ƴan makonni suna ganin aikin garka da idonsu. A wannan shekara, da muka sauka, ni da aka haifa a wurin sai da na tsaya. Tabkin garin ya ja da baya ƙwarai. Inda muke iyo muna yara ya zama taɓo busasshe mai tsage-tsage, masunta sun jingine gorunansu suna zaune. Hatsi bai yi ba. Samari da yawa sun tsallaka iyaka cin rani. Wanda ya rage, idonsa na kan garkarsa.

Muna zagayawa da ɗalibai da hantsi sai wani dattijo, Baba Jadi, maƙwabcin su Rabe tun suna yara, ya tare mu. Ya riƙe hannun Rabe bai saki ba.

"Ɗan Nomau, kai ne? An ce ka zama babban malami. To taho ka ga abin da ya same ni."

Ya kai mu ga tumatirinsa. Ganyen ƙasa duk ya yi rawaya, shukar ta langaɓe alhali ƙasar a jiƙe take. Ya ce rumbunsa wayam yake, ƴaƴansa maza biyu suna Najeriya, matansu da jikoki suna wuyansa, wannan tumatir shi ne abincinsu har faɗuwar damina.

"Wani ya ce in tuge duka in ƙone. Wani ya ce in sai da akuya in sayo maganin feshi a Maraɗi. Ku ne masu karatu. In tugewa ce ku ce in tuge, in akuya ce ku ce in kai ta kasuwa."

Wani ɗalibi, da kyakkyawar niyya nake zato, ya ce, "Ai Mushe Isuhu ne malamin cututtuka." Ni ke nan. Duk idanu suka juyo.

Na durƙusa na juya ganye ɗaya, na juya na biyu. Ban gane komai ba. Sunayen cututtuka na Faransanci suka yi ta zuwa mini a kai, kowanne zai yi daɗin ji, kuma ba wanda zai gane kuskure sai bayan kamyonmu ya bar gari. Amma akuyar fa? Ga Hamani a tsaye bayana, ya harɗe hannu a ƙirji. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba, na dai san na ji Rabe ya durƙusa kusa da ni, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Baba, ni dai ban sani ba."

Ya maimaita da Faransanci don ɗaliban da ba su jin Hausa. Sannan ya juya kamar muna gaban akushi.

"Mushe Hamani, kai hwa?"

Har yau ina ganin fuskar Hamani. Ya dubi Rabe, ya dubi ɗalibai, ya dubi rijiyar da ke gefen garka. Can ya ce da Hausarsa ta Zabarmawa, "Ni ma ban sani ba. Sai na auna ruwa."

"Bawana?"

"Ban sani ba," na ce. Na yi mamakin yadda maganar ta fita da sauƙi.

Baba Jadi ya tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Kamyo guda na malammai, ba wanda ya sani? To ni ma ban sani ba, mun zama huɗu. Sai a ba ni alli in tai Yamai."

Ɗalibai suka fashe da dariya, har Hamani sai da gefen bakinsa ya motsa. Rabe ya ce, "Za a ba ka, Baba. Amma kada ka tuge, kada ka taɓa akuya. Ba mu ƴan kwanaki."

Abin da ya biyo baya shi ne nake so mai karatu ya lura da shi, ko da yake ban tabbata zan iya bayyana shi daidai ba. Da maganar ta fita daga bakina, sai na fara ganin shukar. Kafin nan ba ita nake kallo ba, Hamani nake kallo ta ƙeya. Na roƙi Baba Jadi ya bar ni in tuge guda ɗaya. Saiwar duk ta yi ƙulle-ƙulle kamar tasbaha, alamar wata ƴar tsutsa da ido ba ya gani. Na ce to, an samu. Amma da na tuge wata a ɗaya gefen garkar, saiwarta lafiya lau, ga ganyen kuwa rawaya iri ɗaya. Nan Hamani ya shigo. Da tabki ya janye, Baba Jadi ya haƙa sabuwar rijiya, ruwanta kuwa da kanwa. Rabe ya nuna mana farin da ya fara tsatsafowa a kan fangulan da ke shan ruwan sabuwar rijiyar. Ashe ciwo biyu ne a garka ɗaya, kowanne da gefensa, kuma a ido kamanninsu ɗaya.

Ba zan ce mun ceci garkar ba. Gefen tsutsa an tuge shi, muka ce a sa albasa a wurin. Gefen kanwa aka koma ba shi ruwan tsohuwar rijiya, da wahalar ɗauka daga nesa, wani ya farfaɗo wani bai farfaɗo ba. Akuya dai ta tsira, gidan kuma ya kai damina da ƙyar. Abin da na tabbatar shi ne, a ƴan kwanakin nan ɗalibanmu sun yi tambayoyin da ba su yi ba a shekara guda. Sun tuge, sun haƙa, sun yi mana gardama. Ni ma na koyar da abin da ban taɓa koyarwa ba, a tsugune, hannu duk taɓo. Da shekara ta zagayo aka tabbatar da ni a aiki. An ce mini Hamani ya yi magana mai kyau a kaina.

Sai dai labarin ya riga kamyonmu isa Yamai, kuma rabinsa kawai ya isa. Abin da aka ji shi ne malamai uku na jami'a sun tsaya gaban baƙauye sun ce ba su san komai ba, har ya nemi a ba shi alli. Rabin da ke da saiwa da rijiya ya maƙale a hanya. Ba a daɗe ba aka yi canjin mulki, Bafaranshen ya koma gida, kowa ya ɗauka Rabe zai gaje shi. Sai aka kawo wani daga ma'aikata. Ko saboda wancan labari ne? Ba wanda ya faɗa, ba wanda kuma ya musa. Mutane suka fara nuna Hamani da baki, wai shi ya kai labarin. Ina so in rubuta a nan, a fili, cewa ni ban ga wata shaida ba, ko ɗaya. Ɗalibai da yawa ne a wurin, ga direba, ga mutanen gari. Amma zargin ya isa kunnensa, ya daina zuwa wurin akushi. Rabe yakan aika, yakan tafi da kansa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, Hamani ya ce ya ƙoshi. Daga baya ya nemi a mayar da shi wata ma'aikata.

Ranar da yake kwashe littattafansa na je taya shi. Yana ɗaure kwali ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba, "Taubashinka ya ga farin kanwar nan tun bai durƙusa ba. Ɗan tabki ne, kuma ƙasa ya karanta. Don kai ya yi. Ni ma don kai aka jawo ni ciki."

Wannan magana ta hana ni sakat. In haka ne, ke nan ƙarya Rabe ya yi wa dattijo a gaban ɗalibai? Ke nan abin da na ɗauka gaskiya tsagwaronta, wasa ne aka shirya don a rufa wa ƙaramin malami asiri? Kuma in kujerar ta tafi ne saboda wannan, a kaina ta tafi? Na yi ta juya abin wata da watanni, na kasa tambaya. Sai ciwo ya kama shi, ciwon da likitoci suka yi ta canza wa suna, har ya ce a mayar da shi gida Madarumfa. Na bi shi da hutu. Wata la'asar na same shi kwance a tabarma gindin bedi, wato dogonyaro, ya rame har zoben hannunsa na zamewa. Tasalla ta kawo fura ta koma ciki. Na tambaye shi.

"Bawana, har yanzu kana ɗauke da wannan kaya?" Ya gyara kwanciya. "Zato nike. Na ga fari, na yi zaton kanwa. Zato daban, sani daban. In na ce kanwa ce, Hamani za ya ce i don kada a ce ya yi mani gardama gaban yara. Kai kuma za ka ce i don numfashinka ya dawo. To wa za ya tuge saiwa?"

"An ce don ni ka yi."

"Don kai, don Jadi, don tumatir. Kai komi sai ka raba shi gida-gida kamar jarrabawa?"

"Kujerar fa, Mushe? Shi ya hana ka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ɗago shi na ba shi ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Ban sani ba."

Bai ga damina ta gaba ba. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya leƙo sashenmu yau. Mun ƙaru. Akwai sababbin gine-gine, akwai ƴan ƙasa masu manyan digirori da suka fi namu, kuma ina farin ciki da hakan. Amma kowa da mabuɗin bironsa a aljihu. In ka ƙwanƙwasa, sai ka ji an ja aljihun tebur an rufe kafin a ce ka shigo. Mutum biyu na iya yin bincike a kan ƙwaro ɗaya, bango ɗaya tsakaninsu, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. A taron malamai ana auna kowace kalma, domin ba ka san wadda za ta riga ka fita daga ɗakin ba, ba ka kuma san inda za ta kwana ba. Ba na zargin kowa. Zamanin ne ya zo da haka, wataƙila, kuma ni ma ina rufe ƙofata kamar kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da wannan ke yi wa aji. Ba ni da ƙididdiga, ba ni da binciken da zan nuna, abin da ido ya gani kawai nake faɗa. Malamin da ke tsoron abokin aikinsa yana tsoron ɗalibinsa, domin tambayar da ya kasa amsawa da safe, da azahar tana biron wani. Sai ya koma yin abin da nake yi da can: ya cika awa da magana, ya karanta, su rubuta. Ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa yadda ya ba su, kowa ya ci. Amma miƙa wa ɗalibin ganye mai ciwo ka gani. Zai ba ka suna nan take, da Faransanci mai kyau, ba tare da ya nemi ganin saiwa ba. A wurinmu ya koya. Waɗannan su ne gobe za a tura ƙauyuka irin su Gabi da Sarkin Yamma su faɗa wa manoma abin da za su tuge da abin da za su sayar. Wani zai ce ƙarancin kayan aiki ne, wani ya ce albashi. Ban musa ba. Amma a shekarar fari ba mu da komai sai madubin ƙara girma ɗaya da kwalaben Hamani, kuma ban taɓa ganin mun yi aiki irin na ran nan ba.

A ƙaramar jami'a mutum na tsufa da wuri. Rabe ya rasu, Hamani ya tafi, Turawa sun ragu, sai ga ni, da ban cika arba'in ba, ni ne babba a cikin malaman sashen. Shugaban da aka kawo daga ma'aikata zai koma inda ya fito, kuma an ce sunana ake ambata. Ba zan ɓoye ba, ina so. Ina ganin akwai abin da zan iya gyarawa, ko da ƙofofin nan ne.

A watan jiya muka sauka Madarumfa da ɗalibai. Ruwa ya dawo tabki, masunta sun koma kan gorunansu. Mu uku ne malamai: ni, da wanda ya gaji Rabe a ilimin ƙasa, mutumin da gaisuwa kawai ke haɗa mu, da wani sabon malami, Mushe Ilya, da aka ba darasin cututtuka. Shekarar gwajinsa ce, kuma a wannan karo maganata ce za ta yi nauyi a kansa. Na taɓa wucewa ta tagar ajinsa. Yana magana ba tsayawa, yana cika allo yana gogewa.

Baba Jadi na nan da ransa, ya ƙara ranƙwafawa. Tun daga nesa ya ɗaga sanda.

"Malamman ban-sani-ba sun dawo! Ina allina?"

Ya yi mini gaisuwar Rabe kamar jiya aka yi rasuwar, ya share ido da hannun riga, sannan ya ja mu garka. Wannan karon tattasai ne. Ganyen ya nannaɗe ya ƙanƙance, furen na zubewa. Ya ce tattasan ya shuka a kusan rabin garkar. Kafin ya rufe baki wata ɗaliba ta ce, "Mushe Ilya ne na cututtuka."

Na ga Ilya ya durƙusa. Na ga yana juya ganye ɗaya, yana juya na biyu. Na ga ƙeyarsa, na kuma san wanda take kallo.

Ina da zato. Na ga wasu ƴan ƙwari farare sun tashi da aka taɓa shukar, kuma na taɓa karanta wani abu mai kama da haka. Da na faɗa, da an rubuta, da an ce babban malami ya gane da kallo ɗaya, da labarin da zai riga mu isa Yamai mai daɗi ne. Wataƙila ma daidai ne. Na tsaya ina lissafin su wa ke wurin, wa ke da ɗan'uwa a wace ma'aikata, wa ke shiri da wa. Hannuna na rawa, sai na sa shi a aljihu. A nan na gane abin da ban taɓa kawowa a raina ba: wataƙila shi ma Rabe hannunsa ya yi rawa ran nan, shi ya sa ya ɗebi ƙasa.

Na durƙusa na ɗebi ƙasa.

"Baba, ni dai ban sani ba."

Na maimaita da Faransanci. Na juya ga malamin ƙasa na ce, "Kai fa, Mushe?" Ya dubi agogonsa ya ce wannan ba fanninsa ba ne. Ban ga laifinsa ba. Amma sai na ji kamar na sa hannu a akushi ni kaɗai, kowa na tsaye yana kallo. Saura Ilya.

"Mushe Ilya?"

Ya ɗago ya zuba mini ido. Bai ɓoye abin da yake nema a fuskata ba: tarko ne ko ba tarko ba? Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ban sani ba tukuna."

Baba Jadi ya buga sanda a ƙasa. "Wanga ya hi ku wayo! Shi tukuna ya ce."

Aka yi dariya. Ilya ya nemi izinin tuge guda ɗaya, ya sa ɗalibai su duba bayan kowane ganye, ya tambayi tsohon inda ya samo irin. Ya ga farin ƙwarin da na gani, ya kuma ga wani abu a jijiyar ganyen da ni ban lura da shi ba. Mun gaya wa Baba Jadi ya cire waɗanda suka fi kamuwa ya bar sauran, mun ɗauko samfur mun taho da shi. Har yau da nake rubutun nan ba mu gama tantancewa ba, kuma tsohon na jira.

A kamyo, muna hanyar dawowa, Ilya ya matso kusa da ni ya ce, "Mushe, gwada ni ka yi?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai irin na ladabi. Ban ce ya yarda ba.

Labarin kuwa ya riga mu isa, kamar wancan. Makon jiya wani abokin aiki ya gaishe ni a baranda da "Ina kwana, Mushe Ban-sani-ba," yana dariya. Ko wasa ne, ko saƙo ne, ban iya rarrabewa ba. Maganar kujera shiru. Nakan kasa zama wuri ɗaya, in fita in dawo, in ce da na faɗi zatona kawai, in kuma ce a'a. Na yi tunanin kada ma in buga wannan rubutu sai an yanke magana. Sai na ga in rabin labari zai yi tafiya, gara in saki ɗaya rabin ya bi shi.

Rabe bai bar littafi ba. Bai bar gini da sunansa ba, bai hau kujerar ba. Ɗaliban da ke sashenmu yanzu ba su san shi ba. In aka ce in auna abin da ya rage nasa, ba zan iya nuna komai da yatsa ba sai wannan: ya san cewa ƙarami ba zai faɗi kalmar nan ba sai babba ya fara, kuma ya san wanda ya fara shi zai biya. Ko ya biya da kujera, ko bai biya ba, ya tafi da amsar da ya ba ni gindin bedi.

Shekaranjiya da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofata. Na kai hannu ga aljihun tebur don in rufe, sai na fasa. Ilya ne, da ganyen tattasai a cikin takarda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mushe, akwai abin da ban gane ba a nan." Abincina na kan tebur, ban buɗe ba. Na ce ya shigo, ya bar ƙofar a buɗe, ya jawo kujera ya wanke hannu. Ya yi ta cewa ya ƙoshi har na buɗe kwanon na fara sa hannu.

Kafin in kai loma ta biyu na ce masa, "Yau wata yarinya ta ƙure ni."